Yadda Asibiti Zai Yi Shiri Kafin Ɓarkewar Annoba

Shirin asibiti yana farawa ne daga wurin yankar kati, domin a nan mai zazzaɓin Lassa ko mashaƙo yake zama benci ɗaya da mai ciwon ƙafa kafin likita ya gan shi. A ajiye ma'aikaci a wurin da na'urar auna zafin jiki, ya tambayi duk mai zazzaɓi ko ya sha maganin maleriya bai ji sauƙi ba, ko wani ya rasu a gidansu da irin ciwon, da kuma inda ya je a makonni ukun da suka wuce, tunda Lassa takan kai kwana 21 kafin ta bayyana. A ƙasar Daura da Katsina, inda ake shige da fice ta iyakar Nijar a Kongolam da Jibiya, bai kamata a tsallake tambayar tafiya ba.

Duk ƙanƙantar asibiti, a ware ɗaki mai iska da makewayinsa, nesa da ɗakin haihuwa. Abin da ya fi wuya a nan shi ne dakatar da 'yan dubiya, saboda zumunci ne yake kawo su da kwanon kunu a hannu. Sai a sa dattijon ma'aikaci ya yi musu bayani cikin mutunci, a bar mai kula da mara lafiya ɗaya tak, a rubuta sunansa.

Safar hannu, takunkumi da rigar kariya su kasance inda mai aikin dare zai same su, ba a kulle a sito ba. A riƙa gwada sa su da cire su, har da masu shara da masu wanki, domin wajen cirewa ake yawan kamuwa. Wanda aka fara tabbatar wa korona a jihar Katsina a Afrilun 2020 likita ne a Daura, kuma ya rasu.

Ruwan kulorin na goge jini da amai ana haɗa shi sabo kullum: idan bilicin mai ƙarfin kashi 3.5 ne, mudu ɗaya nasa a zuba masa shida na ruwa.

Da zarar an yi zargi, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ko a kira hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, ta lambar 6232, kada a jira sakamakon gwaji. Idan rai ya yi halinsa, a zauna da dangi da limami tun kafin a taɓa gawar, a daidaita yadda ma'aikata masu kayan kariya za su suturta ta.