Yadda Ake Renon Irin Tumatir a Fangali

Masu koyon sana'ar lambu a wajen Dadin Kowa sun yawaita tambayar yadda ake renon tumatir kafin dashen rani. Ga matakan, a fara a watan Oktoba bayan ruwa ya ɗauke.

1. Ja fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3, ka ɗaga shi santimita 15.
2. Zuba kwanon sarki 2 na takin shanu, ka cakuɗa da ƙasa. Hattara: sai wanda ya ruɓe ya yi baƙi. Ɗanyen taki ƙone tsiro yake yi.
3. Jiƙa fangalin, ka bar shi ya kwana.
4. Ja layuka da yatsa, zurfin santimita 1, tazarar santimita 10.
5. Yayyafa irin jefi-jefi.
6. Rufe da ƙasa mai laushi.
7. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai.
8. Ba da ruwa safe da yamma da butar ban ruwa. A nan mutane suka fi kuskure: a jiƙa kawai, kada ruwa ya kwanta. In ya yi yawa, za ka ga gindin tsiron ya yi siriri kamar zare, ya kife ya mutu.
9. Kwashe ciyawar da zarar tsiro ya leƙo, wajen kwana 5 zuwa 8. In ka makara, zai yi tsawo ba ƙwari.
10. Rage ruwa mako 1 kafin dashe, don tsiron ya yi ƙwari.
11. Dasa bayan mako 4 da shuka irin, da la'asar sakaliya, da ƙasar saiwarsa.