Yadda Ake Zaɓen Maganin Rigakafin HIV Ga Maza Masu Saduwa Da Maza

Maganin da ake kira PrEP wanda bai kamu da HIV ba ne yake amfani da shi domin kare kansa daga kamuwa, don haka matakin farko gwajin jini ne. Idan ƙwaya za a sha, sai a duba lafiyar ƙoda, a kuma bincika ciwon hanta nau'in B, domin katse maganin kan tayar da wannan ciwo. Daga nan sai mutum ya tambayi kansa tsakani da Allah: sau nawa yake saduwa, kuma yakan san lokacin tun da wuri?

Wanda yake saduwa a kai a kai, ko wanda abin kan zo masa ba shiri, ƙwaya ɗaya kullum ce ta dace da shi. Amurka ta amince da ƙwayar Truvada a matsayin PrEP a 2012, kuma idan ana sha ba fashi tana rage haɗarin kamuwa ta hanyar jima'i da kusan kashi 99 cikin ɗari. Mai saduwa ta dubura ya ba ta kwana bakwai kafin ya dogara da ita.

Wanda kuwa sai jefi-jefi yake saduwa yana iya bin tsarin 2-1-1, wanda binciken IPERGAY ya gwada a Faransa da Kanada. Ana shan ƙwaya biyu tsakanin awa 2 zuwa 24 kafin saduwa. Misali, idan haɗuwar ranar Juma'a da dare ce, sai a sha biyu da la'asar ranar, ɗaya da la'asar Asabar, ɗaya kuma da la'asar Lahadi. Idan saduwar ta ci gaba, a riƙa shan ɗaya kullum har kwana biyu bayan ta ƙarshe. A ganina, duk wanda ya san yana da mantuwa ya haƙura da wannan tsari.

Akwai kuma wanda kwalbar magani ce damuwarsa, domin ɗaki ɗaya yake kwana da 'yan'uwa, kuma a Nijeriya dokar haramta auren jinsi ɗaya da aka sa wa hannu a 2014 ta sa da yawa suna tsoron a gane su. Irin wannan ya tambayi ma'aikacin lafiya ko akwai allura: cabotegravir ana yin ta a ɗuwawu duk wata biyu, lenacapavir kuma ƙarƙashin fata duk wata shida. Sharaɗinsu shi ne kada a saɓa ranar komawa.

Mai shan ƙwaya ya sake gwaji duk wata uku. PrEP ba ya hana tunjere ko ciwon sanyi, kuma wanda yake da mata yana iya kai mata waɗannan gida, saboda haka kwaroron roba yana nan da amfaninsa. Idan an sadu ba tare da wata kariya ba, a garzaya asibiti cikin awa 72 a nemi PEP, wato maganin gaggawa na hana kamuwa da HIV bayan saduwa, wanda ake sha har kwana 28.