Yadda Mace Mai Ƙaramin Jiki Za Ta Daidaita Kayan Nutso

Yawancin kayan nutso da ake bayarwa haya an yi su ne bisa ƙirar jikin namiji, don haka 'yar'uwa, kafin ki hau jirgin ruwa zuwa gaɓar tekun Tarkwa Bay da ke Legas, ki gwada komai tun kina tudu.

Ki fara da tabarau na ruwa. Ki ɗora shi a fuska ba tare da igiyarsa ba, ki kawar da gashi daga ƙarƙashin robar, sannan ki ja numfashi kaɗan ta hanci. Idan ya manne bai faɗo ba, ya yi daidai.

Sai rigar da ake hura wa iska, mai riƙe tukunyar iskar numfashi a baya, wadda a ganina ita ta fi wahalar da mata. Ki ɗaure ɗamarar ciki tukuna, ki ja igiyoyin kafaɗa, sannan ki ɗaga hannuwa sama. Idan rigar ta haura zuwa kunnuwanki, ta yi miki girma. Tukunyar da aka saba bayarwa mai lita 11 doguwa ce, takan bugi ƙeya ko cinya. Ki nemi gajeriya, ko ki saukar da ita kaɗan har bakinta ya daina taɓa kanki.

Idan robar da ake sawa a baki don shaƙar iska tana gajiyar da muƙamuƙi, a canza ta da ƙarama.

Daga nan, idan kin shiga ruwa, ki gwada nauyin dalmar da ake ɗaurawa don taimaka wa nutsewa tare da mai koyarwa: ki fitar da iskar rigar, ki riƙe numfashi madaidaici, ruwa ya tsaya saitin idonki. Idan kin nutse, ki rage dalma.