Yadda za ka san birnin Kano da ƙafarka: inda ake gudu da inda ake takawa

Mutane da yawa sun shekara goma a Kano amma in ka sauke su a Jakara ka ce su fito Ƙofar Mata da kansu sai sun tambaya, saboda kullum a bayan adaidaita sahu suke, kai a sunkuye ana danna waya. Ni dai abin da ya sanar da ni garin nan ƙafa ce, wani wajen da gudu wani wajen da tafiya, kuma kowanne da muhallinsa, in ka haɗa su ba daidai ba wahala kawai za ka sha.

Fara da gudun, shi ne zai zana maka taswirar garin a kai. Ka fito da an idar da sallar asuba kafin titi ya cika, ka kama daga Ƙofar Nassarawa ka bi ta Sabuwar Ƙofa, Ɗan Agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, in da sauran numfashi ka ƙarasa Kabuga. Titin BUK kenan, wato titin Jami'ar Bayero, yana da faɗi, ragowar ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen shekara 900 da suka wuce tana gefenka, wani wajen ta zaizaye ta koma tudun ƙasa wani wajen an ci ta da gini, abin da ciwo wallahi. Amfanin gudun shi ne cikin ƙasa da awa ɗaya ka jera ƙofofin nan a kanka ɗaya bayan ɗaya, daga ranar duk wanda ya ce maka "ta Na'isa za ka shiga" ka san me yake nufi. Ka riƙa fuskantar motoci kada ka ba su baya, ka cire abin kunnen nan ko ka bar ɗaya, don ɗan adaidaita in ya hango fasinja ba ya duba kowa. Lokacin hunturu kuma in hazo ya yi yawa ka rage sauri, ƙurar tana kama ƙirji, a watan Afrilu kuwa ƙarfe bakwai na yi ka tattara ka koma gida.

Toh amma da ka shige ƙofa ka faɗa lungu, gudu ya ƙare. Na farko dai lungunan cikin gari wani ko mutum biyu ba sa jerawa, ga kwata a tsakiya, ga yara 'yan makarantar allo, ga mai kura yana turo jarkokin ruwa, ga akuya. Na biyu kuma wanda ya fi muhimmanci, baƙon fuska yana gudu a lungu da sassafe ba wanda zai ce motsa jiki yake, mutum ɗaya ya ce ɓarawo shikenan. Kuma ko ba wannan, ta yaya za ka wuce dattijai a kan dakali ba sallama? Ka rage tafiya, ka ce salamu alaikum, Baba ina kwana, in ka ɓata ka ce don Allah Baba ina ne hanyar Kurmi, wallahi wani har yaro zai haɗa ka da shi ya kai ka.

Hanyar da nake ba kowa ita ce ka fara daga marinar Ƙofar Mata, ka tsaya ka ga yadda marini yake tsoma zane a ramin baba ya ɗago shi kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗewa yana komawa shuɗi a gaban idonka, wannan mai gudu ba zai taɓa gani ba. Daga nan ka taka zuwa ƙofar fada da babban masallaci, ka leƙa gidan tarihi na Gidan Makama in an buɗe, sai ka gangara Kasuwar Kurmi wadda take nan tun zamanin Muhammadu Rumfa, ka bi layin dukawa hancinka ma zai gaya maka ka iso saboda warin fata da aka jeme. Kada ka ɗauki hoton kowa sai ka tambaya, kuma ka bar gajeren wandon gudun nan a gida ka sa dogo.

Ka ajiye Dutsen Dala a ƙarshe, ka hau matakalar a hankali, daga sama za ka hango Goron Dutse da hasumiyoyin masallaci da duk lungunan da ka ratso. Ka riƙe 'yan canji a aljihu na ruwa da ƙosai da kuɗin adaidaitan komawa, don bayan Dala ƙafa ba za ta yarda ta sake takawa gida ba.