Kafin Ku Sayi Sabon Fedal na Jita

'Yan uwa masu kaɗa jitar lantarki, kafin ku kashe kuɗi a kan sabon fedal (na'urar da ake takawa da ƙafa don sauya sautin jita), ku fara gyara amfilifaya. Ku mayar da maɓallan bass (sauti mai kauri), mid (matsakaicin sauti) da treble (siririn sauti) tsakiya, sannan ku rage gain (maɓallin da ke ƙara wa sauti ƙarfi da kaushi) har sai kowace tsirkiya ta fito a sarari, domin yawansa yana dagula sauti har jitar ta ɓace idan ganguna suka shigo. A ganina, mid ne yake fitar da jita a cikin taron makaɗa, don haka kada ku danne shi. Mai fedal ɗin Tube Screamer, wanda ke ƙara wa sauti kaushi, ya jona shi kafin fedal na delay (mai maimaita sauti) da na reverb (mai amsa-kuwwa). Bugun tsirkiya daga gindinta yana kawo sauti mai kaifi, daga wajen wuyan jitar kuwa mai taushi. Tsirkiyar da gumi ya sa ta yi tsatsa, a canza ta.