Yadda za ka koyi zane a waya ko kwamfuta da bidiyon koyarwa

Da farko zaɓi manhaja ɗaya ka tsaya a kanta. In waya ce a hannunka ibisPaint X ta isheka, kyauta ce sai dai talla da kan ɗan dami mutum. Mai kwamfuta ya sauke Krita, ita ko sisi ba a biya. Procreate da ake ta yabo ta iPad ce, ba ta hawa Android, kar ka ɓata datarka wajen nemanta. Kuma in za ka nemi bidiyo a YouTube ka haɗa da sunan manhajarka, in ba haka ba malamin zai danna wani abu kai kuma ka yi ta lalube ba ka gan shi a sikirinka ba.

Bidiyon nan da ake gama hoton mutum cikin minti ɗaya, da kiɗa a ƙasa, ka bar su don nishaɗi kawai. Aikin awanni ne aka matse, duk gogewa da gyaran da mai zanen ya yi sun wuce kamar ƙiftawar ido, kai kuma sai ka ɗauka hannunka ne bai da kyau. Nemi wanda ake zana a hankali ana bayani. In ya yi maka sauri ka mayar da gudun bidiyon 0.5, a kwamfuta ma in ka dakatar za ka iya danna waƙafi ko aya ka riƙa matsawa kaɗan kaɗan.

To ga inda aikin yake. Bidiyo ɗaya sau uku ake binsa. Na farko kallo zalla, hannunka a aljihu. Na biyu ka tsayar bayan kowane mataki ka yi naka, ya ja layi ka ja, ya sa kala ka sa. Na uku ka rufe bidiyon gaba ɗaya ka sake zanen da ka, kuma wallahi a nan za ka gane ashe rabin abin idonka ne ya gani hannunka bai ɗauka ba, sai ka koma daidai wurin da ka kakare ka kalli wannan kaɗai. Mutane da yawa a na biyun suke tsayawa, shi ya sa suna da zane masu kyau da suka kwaikwaya amma in ka ce su zana kofin da ke gabansu sai ido ya raina fata.

Abin da ya kamata ka fara fahimta a manhajar shi ne leya. Ɗauke su kamar farar leda da aka jera ɗaya kan ɗaya, kowace da abin da aka zana a jikinta. Yi zanen farko a ɗaya yadda ka ga dama, ka dusashe shi zuwa kamar kashi 30, ka buɗe sabuwa a sama ka bi da layi mai tsafta. Kala a ƙarƙashin layi take zama. Inuwa kuma sabuwar leya a saman kalar, in ibisPaint ce ka danna Clipping don kar ta zubo waje, ka sa leyar a Multiply, wato yanayin da ke sa kalar ƙasa ta ƙara duhu. Shi ke nan fa, sauran kwalliya ce.

Layi a ja shi lokaci ɗaya, ba a tsittsinka shi. Bai yi ba? in a waya ne taɓa sikirin da yatsu biyu ya koma baya ka sake. In hannunka na rawa ƙara Stabilizer kaɗan, kar ka cika. Sannan ka riƙa juya zanen dama ta koma hagu, nan take za ka ga ido ɗaya ya fi ɗaya hawa sama. Yawan zum, wato kusanto da zanen ya ƙara girma, shi ma tarko ne, ka ɓata awa kana gyaran gashin ido alhali kan gaba ɗaya a karkace yake.

Maganar tara burushi ɗari, ni dai ban ga amfaninta ba, biyu sun isa, mai tauri da mai laushi. Allon zane, wanda ake jonawa da kwamfuta a yi zane a kansa da alƙalami, irin na Wacom, Huion ko XP-Pen yana da daɗi don yana jin nauyin hannu, da yawansu har mataki 8192, amma ba shi zai koya maka yadda haske ke sauka kan ƙwallo ba. Wannan sai ka zauna da akwati, ƙwallo da gwangwani kana ta zana su ta kowace fuska. Darussan Drawabox, wani shafin koyar da zane a intanet, kyauta suke, har akwati 250 suke sa ɗalibi ya zana, akwai gundura gaskiya, sai ka riƙa haɗawa da zanen abin da ranka ke so.

In ka gama ka fitar da zanen a matsayin hoton PNG don turawa mutane, amma kar ka goge asalin fayil ɗin da ke cikin manhajar, PNG haɗe leyoyin yake yi su zama ɗaya, gobe in ka so canza kalar riga sai ka yi fama.