Kafin Ka Kai Kwamfutarka a Yi Mata Fomat

Yawancin kwamfutocin da ke gidajenmu a Nima, Mamobi da Sabon Zango na hannu ne, irin waɗanda ake sayowa a Circle, nan Accra. Da ta fara nauyi, sai a ce a kai ta a yi mata fomat. A share hotunan suna da takardun makarantar yara, bayan wata guda kuma nauyin ya dawo, domin ba a taɓa inda ciwon yake ba. Idan Windows 10 ko 11 kake amfani da shi, kana iya gano ciwon da kanka.

Kunna ta, ka ba ta minti biyar ba ka buɗe komai ba. Sannan ka danna Ctrl, Shift da Esc a tare, Task Manager zai fito. Shiga Performance, ka sa ido a kan Disk da Memory.

Idan Disk ya kafe a 100% alhali ba ka aikin komai, danna shi ka duba ƙasa, inda aka rubuta Type. In HDD ka gani, to ga ɓarawon. Wannan tsohon rumbun ajiya ne mai faifai yana juyawa da allura tana karantawa, kuma Windows na yanzu ya fi ƙarfinsa. Babu manhajar "tsaftace kwamfuta" da za ta sa shi gudu, kada ka ɓata sidinka. Maganin shi ne a musanya shi da SSD, rumbun da ba shi da faifai kuma ya fi sauri, na SATA mai inci 2.5, kuma 256GB ya ishi aikin gida. Kafin nan ka sauke CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar rumbu, kyauta ce. Shuɗi da kalmar Good lafiya lau ke nan. Rawaya da Caution kuwa rumbun ya fara mutuwa, balle in kana jin ƙas-ƙas daga ciki. Kwashe fayilolinka zuwa filashi a ranar, kada ka ce sai gobe.

Idan Memory ne ya cika, kuma 4GB kake da shi, duba Slots used a wannan shafin. In an rubuta 1 of 2, akwai gurbin ƙara wani RAM, wato Memory ɗin, ya zama 8GB. Tafi da kwamfutar wurin mai sayarwa, domin DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4, tsagar ƙafarsu ba wuri ɗaya take ba.

Daga nan ka leƙa Startup a cikin Task Manager ɗin, ka kashe duk abin da ba ka buƙata da zarar an kunna, kamar Teams da Spotify. Maganin bairos biyu a kwamfuta ɗaya kishiyoyi ne, faɗa kawai za su yi ta yi. Cire wanda wa'adinsa ya ƙare, Windows Security, maganin bairos da ke zuwa tare da Windows, ya wadatar.

Sai batun dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki. Idan wuta ta ɗauke Windows na tsakiyar rubutu, fayil yakan tsaya rabi, shi ya sa kake ganin shuɗin allo ko manhaja ta ƙi buɗewa. Laftof mai mataccen batir ma haka take. Domin gyara fayilolin, rubuta cmd a wurin bincike, ka zaɓi Run as administrator, ka shigar da wannan:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Yana buƙatar intanet, kuma yakan tsaya cik a wani kaso har ka zaci ya maƙale. Ƙyale shi. In ya gama, rubuta sfc /scannow. Kada ka juya jerin, domin daga ma'ajiyar da DISM ke gyarawa sfc ke ɗebo lafiyayyun fayiloli. A ƙarshe chkdsk C: /f, ka danna Y, ka sake kunnawa. In ta tebur ce kuma ba ka da UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, kada ka fara wannan aiki hadari na haɗuwa.

Wata dabara: Restart ya fi Shut down warware ƙananan matsaloli, saboda a lokacin Shut down, tsarin Fast Startup yana adana wani ɓangaren Windows ne maimakon ya kashe shi gaba ɗaya.

Mai jona kwamfuta da intanet ɗin waya, shiga Settings, Network & Internet, Wi-Fi, ka danna sunan wayarka, ka kunna Metered connection. In ba haka ba Windows zai lashe datarka da sabuntawa. Amma sau ɗaya a wata ka sake masa mara ya sabunta. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta) da processor na Intel zubi na 8 zuwa sama, lambar farko bayan i5 ce ke nuna zubin. i5-8250U ya shiga, i5-6300U bai shiga ba.

In fanka na ihu kuma kwamfutar tana mutuwa da kanta, zafi ne. Ƙurar hunturu ce ta toshe mafitar iska, ko an saba ɗora ta a kan katifa. A buɗe a kakkaɓe da busasshen burushi, a riƙe fankar da yatsa yayin busa iska.

Sai duk wannan ya gaza za ka shiga Settings, System (a Windows 10 kuwa Update & Security), Recovery, Reset this PC, ka zaɓi Keep my files. Fayiloli za su tsira, manhajojin da ka ɗora za su tafi, don haka ka rubuta sunayensu tukuna, ka kuma kwafe kayanka a filashi.